Lamba a Wutsiyar Injin

Shekara talatin da ɗoriya da baki nake ƙirga.
In kama hannun wutsiya in juya,
ɗaya, biyu, uku da rabi,
bakin huda ya nutse cikin ƙarfe,
in san zurfinsa yadda mai jan ruwa
ke sanin rijiya da nauyin guga.

Injin nan gwanjon reluwe ne.
Ya tsufa tun ban ajiye gemu ba.
Zarensa ya ci, yana da wasa,
rabin juyi na banza kafin ya kama.
Na san ƙaryarsa, a kaina nake cire masa ita,
shi ma ya san tawa.

Bara ido ya fara yi mini gardama.
Zanen awon da ke jikin bututu
ya haɗe kamar jerin tururuwa.
Na huda sandar famfon Alhaji Jatau na bakin Galma,
na zarce da milimita biyu.
Tumatirinsa ya kwana uku ba ruwa.
Bai yi faɗa ba.
Ya dai ɗauki ƙarfen ya juya shi a hannu, ya ce Allah ya kyauta.

Sallau, yaron shagona, ɗan Muciya,
ya shiga Sabon Gari ya dawo da ma'auni mai batir.
Ya datse masa muƙamuƙi da zarto,
ya ɗaure shi a gadon bayan wutsiya.
Kwana tara yana faɗin gaskiya.
Ran na goma, farin ruwan sanyaya ƙarfe,
wannan nonon da ko mage ba ta lasa,
ya sami kafa ya shige.
Lambobi suka haukace,
takwas, takwas, takwas,
sai duhu.

Na ce, ka gani?
Wanda ke gudun jiƙa ba ɗan shagon nan ba ne.

Yaron bai tanka ba.
Sati biyu yana rage kuɗin abincin rana.
Ran wata Laraba ya tarbi mota a Kwangila,
ya dawo da dogon kwali daga Kano.
Wannan, in ji shi, an toshe masa kowace ƙofa da roba,
ko a kwata ya kwana zai tashi da hankalinsa.

Ya sassaƙa zoben alminiyam ya rungume bakin bututu.
Saura huji biyu a jikin wutsiyar kanta.
Nan na ce tsaya.
Jikin da ban taɓa yi wa tsaga ba,
in za a yi, da hannuna za a yi.
Na huda, na yanka zare, baƙin gari ya zubo.
Muka daidaita sandar awo da tafiyar bututu,
ta karkace kamar gashi ɗaya,
muka cusa mata yankin gwangwanin madara ta miƙe.
Sallau ya yi mata rumfa da tsohuwar lambar mota
don tsakin ƙarfe mai zafi.

Muka jira wuta har bayan la'asar.
Da ta zo, na buɗe ruwan gaba ɗaya, da gangan,
ya kwarara a kan gilashin kamar mamakon Agusta.
Yaron ya danna, sifili ya fito, ya tsaya kyam.
Na juya.
Goma. Sha takwas. Ashirin da biyar daidai.
Lamba manya, baƙaƙe, ko ba tabarau.

Amma leɓena bai daina motsi ba.
Ƙirgana ya ce saura kaɗan,
gilashi ya ce an iso.
Muka zare, Sallau ya zura ma'auni a ramin,
ya duba, ya sake dubawa,
ya ɗauki tsumma yana goge abin da ba datti.

Na ce, faɗi mana.
Ya ce, Baba, ga mai injin niƙa can yana jira tun ɗazu.